Daga Rami Zuwa Ciyawar Kanti: Tarihin Sajewa a Farautar Dinya a Amurka ta Arewa

Duk maharbin da ke son tsuntsu ya shigo inda harbinsa zai kai, tilas ne ya san yadda zai yi da idon tsuntsun. Maharbin ƙasar Hausa ya daɗe da samun tasa dabarar. Yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin tsumma, ya riƙa rarrafe yana kaɗa kai kamar mai kiwo, har ya kusanci abin da yake nema. Maharban dinya na Amurka da Kanada kuwa wata hanya suka bi. Su ba su zuwa wurin tsuntsu, kwanciya suke yi a tsakiyar gona, cikin wata 'yar maɓoya da aka lulluɓe da ciyawa, su jira tsuntsu ya sauko musu. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan maɓoya da ciyawar da ake rufa ta da ita, don a nuna cewa ba wayon maharbi kaɗai ya haife su ba. Doka da injin girbi da kuma wayon ita kanta dinyar duk suna da hannu a ciki.

Akwai bukatar a fara daidaita kalmomi. Hausa tana bambanta abubuwa uku waɗanda sau da yawa akan haɗe su a magana. Ɓuya ita ce mutum ya shiga bayan wani abu ko cikinsa don kada a gan shi. Ɓad-da-kama ita ce a gan shi, amma a ɗauke shi wani abu dabam, kamar mai kan burtu. Sajewa kuwa ita ce ya zauna a fili, ido ya bi ta kansa ya wuce bai tsaya ba, domin ya zama ɗaya da abin da ke kewaye da shi. Tarihin da za a bayar nan, a taƙaice, tafiya ce daga ta farko zuwa ta uku. Ita kuma kalmar dinya, wadda bai kamata a rikita ta da ɗinya ta itace ba, aro aka yi mata. Dinyar fadamun Haɗeja da Nguru, mai ƙaho a gaɓar fiffike, jinsinta dabam ne da tsuntsayen da ake magana a kansu. Waɗannan su ne dinyar Kanada, mai baƙin wuya da farin haɓa, wadda masana ke kira Branta canadensis, da kuma farar dinya, wadda ke ƙyanƙyasa a ƙasashen ƙanƙara na can arewa ta gangaro kudu da hunturu.

Tun da daɗewa

Mafi tsufan shaidar da aka samu ta wannan sana'a a nahiyar ta fito ne daga kogon Lovelock a jihar Nevada. A shekarar 1924 masu tonon kayan tarihi, M. R. Harrington da L. L. Loud, suka tono wani kwando a cikinsa da gumakan agwagwa 11, waɗanda aka saƙa da ciyawar bakin tafki, aka shafa musu launi, wasu har da gashin tsuntsu na gaske. An kimanta shekarunsu da kamar 2,000. Ke nan tun kafin Bature ya taka ƙasar, mutanenta na asali sun riga sun gano ginshiƙan nan biyu da farautar ke tsaye a kansu har gobe: a ajiye abin da zai kira tsuntsu, mutum kuma ya ɓace. Ciyawar da aka yi gunkin da ita, ita ce dai ke cike da bakin tafkin da maharbi ke laɓewa.

Zamanin kasuwa da akwatin nutso

A ƙarni na 19 farautar tsuntsayen ruwa ta koma kasuwanci sosai. Jirgin ƙasa da ƙanƙarar adana nama suka ba da damar kai agwagi da dinyoyi ganga-ganga zuwa gidajen abinci na Baltimore da Philadelphia da New York. A mashigin Chesapeake wasu maharba sukan kafa wata ƙatuwar bindiga a bakin kwalekwale, su lallaɓa da dare su buɗe wa garke wuta yana barci. Amma abin da ya fi shafar wannan tarihi shi ne wani akwati da za a iya kira akwatin nutso. Tsawonsa daidai tsawon mutum, kamar makara, an yi masa fukafukan katako da zane a gefe don su kashe igiyar ruwa. Akan ɗora masa gumakan ƙarfe masu nauyi har sai bakinsa ya yi daidai da fuskar ruwa, sa'an nan a zuba gumakan katako ɗari biyu ko uku kewaye da shi. Maharbi ya kwanta rigingine a ciki, jikinsa na ƙasa da ruwa. Tsuntsun da ya taso daga nesa ba ya ganin komai sai 'yan'uwansa zaune lafiya, sai ya zo dab, mutum ya tashi zaune ya harba.

Wannan dabara ta yi aiki fiye da kima. Ga kuma abin da ya sami wata kurciyar daji ta ƙasar, wadda a da garkenta kan rufe rana, amma ta ƙarshenta ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914. Hankalin hukuma ya tashi. Dokar Lacey ta 1900 ta hana ketare iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1916 Amurka da Birtaniya, a madadin Kanada, suka ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura, dokar 1918 kuma ta tabbatar da ita, ta haramta sayar da su, ta rufe farautar bazara. Da farin shekarun 1930 ya busar da tafkunan da agwagi ke ƙyanƙyasa, sai aka ƙara ɗaure igiya. A 1934 aka wajabta wa kowane baligin maharbi sayen wani kan sarki na dala ɗaya, kuɗin kuma a sayi fadamu da su. A 1935 aka hana ɗaure tsuntsu mai rai don ya kira 'yan'uwansa, aka hana zuba hatsi don jawo garke, aka ƙayyade wa bindiga harsashi uku, aka kuma soke akwatin nutso. Ya kamata a riƙe wannan shekara da kyau, domin biyu daga cikin hane-hanenta za su sake ɓullowa a gaba. Abin lura a nan shi ne ba kwanciya rigingine aka haramta ba. Abin da dokar ta ambata shi ne abin da ke yawo a kan ruwa yana ɓoye mutum ƙarƙashin fuskarsa. Ƙasa busasshiya ba ta shiga ciki ba.

Yadda dinya ta koma gona

A zamanin da ake girbin masara da hannu, kaɗan ne ke zuba a ƙasa, abin da ya zuba kuma aladu da shanun mai gona ke kalace shi. Daga shekarun 1940 injin girbi ya bazu a jihohin tsakiya. Inji yana da sauri, amma yana da ɓarna: yakan bar tsaba da guntayen zangarniya warwatse cikin tushiya. Dinya kuwa, ba kamar yawancin agwagi ba, tsuntsuwa ce mai kiwo a tudu, ƙafarta ta iya tafiya. Sai ta sami kalar da ba ta taɓa samun irinta ba. Ta riƙa kwana a kan ruwan da hukuma ta keɓe, inda ba a harbi, da safe ta tashi ta nufi gonaki, da hantsi ta komo, da la'asar ta sake fita. Har ma da yawa suka daina ƙarasawa gaɓar tekun kudu inda kakanninsu ke cin hunturu, suka tsaya a Illinois da Wisconsin da Missouri.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Maharbi ya bi tsuntsu zuwa gona, a can kuma ya tarar da matsalar da bai sani ba a fadama: babu abin laɓewa. Gonar da aka girbe fili ce fetal, wani lokaci iyakar ganin ido, kuma dinya da gangan take zaɓar tsakiyarta, nesa da shinge da itace da duk inda dila zai iya laɓewa. Amsar farko ita ce rami. Kewaye da tafkin Horseshoe a kudancin Illinois, wanda jihar ta keɓe wa tsuntsaye a ƙarshen shekarun 1920, masu gonaki suka haƙa ramuka jere-jere suna ba da haya ga baƙi. Kisan ya yi yawa har aka rufe farautar dinyar Kanada ɗungum a hanyar ƙaura ta kogin Misisipi a 1946. Bayan an sake buɗewa da ƙa'idodi masu tsanani, rami ya ci gaba da zama sarkin maɓoya shekaru da dama. Wasu na siminti ne ko na ƙarfe, da murfi da benci, har da murhun ɗumama jiki.

Sai dai rami yana da aibi babba, wato ba ya tashi. Dinya na cin wannan gona yau, jibi ta koma waccan. Mai rami kuwa yana nan inda ya haƙa, ko tsuntsu ya zo ko bai zo ba. Haƙa sabo kowace asuba a ƙasar da sanyi ya daskarar aiki ne na wahala, manomi kuma ba ya son a bar masa gurbin da zai karya ƙafar inji, balle da aka shiga yayin shuka ba tare da huɗa ba, inda ba a son a taɓa fuskar ƙasa ko kaɗan. Waɗanda ba su da halin rami suka yi ta 'yan dabaru. Wani ya kwanta cikin kunya ya rufa da buhun algarara, wani ya shige ƙarƙashin wani ƙaton gunkin dinya mai ƙofa. A gonakin shinkafa na Texas, yamma da Houston, masu neman farar dinya sukan baza fararen tsummoki ɗaruruwa a fili, su sa fararen riguna su kwanta cikin taɓo a tsakaninsu. Wannan, in an lura, ɓad-da-kama ce irin ta mai kan burtu: mutum ya yarda a gan shi, amma a matsayin tsuntsu.

Daga ƙaranci zuwa yawa

Da tsuntsayen sun ci gaba da raguwa, da wannan tarihi ya tsaya nan. Akasin haka aka samu. Akwai wani babban nau'i na dinyar Kanada wanda masana suka ɗauka ya ƙare tun kafin tsakiyar ƙarni na 20. A watan Janairu na 1962 Harold Hanson, wani masanin tsuntsaye daga Illinois, yana auna waɗansu dinyoyi a tafkin Silver da ke garin Rochester na Minnesota, wanda a wancan lokaci ruwan ɗumi na tashar lantarki ke hana shi daskarewa, sai nauyin ya wuce abin da aka saba. Har suka zargi ma'aunin, suka sayo sukari da fulawa da aka san nauyinsu suka gwada shi, suka tarar lafiyarsa lau. Ashe nau'in nan ne da ake cewa ya ɓace. Hanson ya wallafa littafi a kansa a 1965, hukumomin jihohi kuma suka shiga kiwonsa suna sakin sa wurare dabam-dabam. Wannan nau'i bai damu da doguwar ƙaura ba. Ya zauna a filayen wasa da lambunan birane da bakin madatsun ruwa, ya hayayyafa har ya zama abin kuka. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara buɗe wata farauta ta musamman a watan Satumba don a rage shi kafin masu ƙaura su iso.

Farar dinya ma haka. Shinkafa da masarar kudu suka sa kaɗan ke mutuwa da hunturu. Ƙidayar hunturu ta garken tsakiyar nahiyar ta tashi daga ƙasa da miliyan 1 wajen 1970 zuwa kusan miliyan 3 a ƙarshen shekarun 1990. A gaɓar mashigin Hudson, inda suke ƙyanƙyasa, suka riƙa tumɓuke ciyawa har saiwa, gishiri ya taso, ƙasa ta mutu. Wani kwamitin masana na ƙasashen biyu ya ba da rahoto a kan haka a 1997, a 1999 kuma aka ba da izinin abin da dokar 1918 ta hana, wato harbi da bazara, ba iyakar adadi, da na'urar kiran tsuntsu, da bindigar da ba a ƙayyade mata harsashi ba. Hukumar da ta shekara tamanin tana riƙe hannun maharbi ita ce yanzu ke roƙonsa ya ƙara himma.

Maɓoyar kwance

A cikin wannan yanayi ne, a shekarun 1990, maɓoyar kwance ta shiga kasuwa ta kuma bazu cikin ɗan lokaci. Siffarta mai sauƙi ce. Firam ne na alminiyam mara nauyi, an ja masa yadi mai kauri wanda ruwa ba ya ratsawa, tsawonsa kamar mita biyu, tudunsa bai kai gwiwa ba. Ciki akwai majingina da ke ɗaga kafaɗa da kai kaɗan, sama kuma ƙyamare biyu da ke rufe ƙirji, da 'yar raga a daidai fuska. Mutum ɗaya na iya naɗe ta ya rataya. Da yamma a bi garke da mota a ga gonar da ya sauka, a nemi izinin mai ita, kafin asuba a je a shimfiɗa gumaka, a kwanta da iska a bayan kai, saboda dinya kullum iska take fuskanta in za ta sauka. In ta shigo tazarar mita 30 ko ƙasa da haka, sai a ture ƙyamaren a tashi zaune. Duk wanda ya tuna akwatin nutso zai gane jikansa ne, an dai fito da shi tudu. Ba za a ce dabarar ta fi ta 1935 tausayi ba. Abin da ya sauya shi ne yawan tsuntsun, da kuma cewa an san adadin da kowa zai ɗauka, ba a kuma kai shi kasuwa.

Amma akwati a kan ruwa nutsewa yake yi, wannan kuwa a sarari yake zaune. Nan ne sajewa ta zama dole. Idon dinya ba na wasa ba ne. Yana gefen kai, yana ɗaukar kusan duk kewaye, kuma ƙwayoyin gane launi iri huɗu ne a cikinsa, na mutum uku, har tana ganin wani yanki na haske da mutum ba ya gani. Daga sama take dubawa, takan kuma kewaya sau biyu ko uku kafin ta yarda. Abu uku ke tona asirin maɓoya: ƙyalli, da miƙaƙƙen layi, da inuwa. Zanen ganye da kara da kamfanoni irin su Realtree da Mossy Oak suka fara bugawa a yadi tun 1986 yana ruɗin idon mai saye a kanti, amma daga sama shafaffen abu shafaffe ne. Don haka abu na farko da maharbi ke yi wa sabuwar maɓoya shi ne ya kwaɓa taɓo ya shafe ta, ya bari ya bushe, ya kakkaɓe, don ƙyallin ya mutu. Na biyu, masu ƙera ta sun ɗinka mata madaukai jere-jere a jiki, inda ake cusa kara da karmami da tushiyar gonar da aka shiga, har gefenta ya gangara ya haɗe da ƙasa.

Wannan aikin cusa ciyawa shi ne mafi cin rai a duk sana'ar. Cikin duhu ake yin sa, da fitila a goshi, da yatsun da sanyi ya ƙanƙare, kuma kowace asuba sai an sake, don abin da aka cusa jiya ya zube a mota. Gonar masara tana da sauƙi, tarkacenta da yawa. Gonar alkama ko wake da aka aske ƙasa-ƙasa, irin na Saskatchewan da Dakota, sai an yi ta yawo da manjagara kafin a tara abin da zai rufe mutum ɗaya. Mafi wuya ita ce koriyar gona, wato alkamar hunturu da ta tsiro ko filin harawa, inda farautar Satumba ta fi aukuwa. Ɗanyar ciyawa in an yanke ta, kafin hantsi ta yi yaushi ta sake launi, sai maɓoyar ta fito kamar tabo a farar riga. Daɗin daɗawa ga doka. Hanin zuba hatsi na 1935 yana nan, kuma ƙa'idar da aka sake tsarawa a 1999 ta yarda a rufe maɓoya da tsiron gona ne kawai in yin hakan bai jawo zubar tsaba ko warwatsa ta ba. Wanda ya kwaso karan da ke da sauran zangarniya ya kai wata gona yana iya samun kansa gaban alƙali da laifin da bai yi niyya ba. Wasu jihohi kuma sun hana ɗaukar waɗansu ciyayin fadama masu mamaye wuri daga wannan ruwa zuwa wancan.

Waɗannan dalilai ne suka buɗe wa ciyawar kanti kasuwa. Iri biyu ce. Ta farko ba ta roba ba ce ko kusa, zare ne da ake ɓarewa daga ɗanyen ganyen tukurwa, dangin wadda ake samun gwangwala daga gare ta a rafukan ƙasar nan, sai dai yawancin wanda ke kasuwar duniya daga Madagaska yake fitowa. Akan rina shi launin karan masara, ko na alkama, ko kore, ko ƙasa-ƙasa, a sayar dami-dami. Ta biyu ta roba ce, wadda aka tsaga siriri-siriri. Kowace da halinta. Zaren tukurwa ba ya ƙyalli, yana kuma motsi da iska kamar ciyawar gaske, amma yana shan ruwa ya yi nauyi, in an ajiye shi da laima ya yi fumfuna. Ta roba ba ruwanta da ruwa, tana shekaru, amma takan yi walƙiya in rana ta yi ƙasa ko raɓa ta daskare a kanta. Yadda ake ɗaura su ɗaya ne: a yanka tsawon taƙi ɗaya ko biyu, a ninka, a ɗaure a madaukai tuttu-tuttu da 'yar igiyar roba, a cakuɗa launi biyu ko uku, domin babu gonar da ke da launi guda. Gogaggun maharba ba su dogara da ita ita kaɗai. Sukan mai da ita shimfiɗar ƙasa wadda ke zaune a jikin maɓoya duk shekara, sa'an nan da asuba su yayyafa mata ɗan abin da suka tsinta a gonar ranar. Wanda ya cika ta da yawa kuma ya ɓata, don ya mai da maɓoyarsa tsibi a filin da ba shi da tsibi.

Dinyar Kanada takan yi shekara goma, wasu har ashirin, kuma iyaye da 'ya'ya tare suke ƙaura a shekarar farko. Tsuntsuwar da aka harba daga wani dogon tudu a tsakiyar gumaka ta tsira, ba ta mantawa. Bayan shekara goma sha da yaɗuwar maɓoyar kwance, maharba suka fara lura cewa a wuraren da aka matsa wa tsuntsu, garke kan zo har ya saki ƙafa, sa'an nan ya ga jerin 'yan tuddai huɗu ko biyar a layi, ya karkata ya wuce. Wasu suka rage wa maɓoyar tudu, wasu suka koma kanƙare ƙasa kaɗan a ƙarƙashinta in mai gona ya yarda, wasu suka janye ta daga cikin gumaka zuwa gefe. A shekarun 2010 kuma da yawa suka tashi daga kwanciyar gaba ɗaya. Suka koma wata maɓoya ta zaune mai bango biyu da suka jingina da juna, wadda ke ɗaukar mutum uku ko huɗu a kan kujeru, ana kafa ta a bakin gona ko jikin shinge ko gefen magudanar ruwa, a lulluɓe ta da doguwar ciyawa, ta kanti da ta daji a haɗe, har ta yi kama da kurmin da inji ya kewaye bai yanka ba.